Hoton Ƙanƙarata a Bakin Alau

Sai da na haura shekara arba'in da biyar kafin na ɗauki hoto da hannuna, kuma abin da na fara ɗauka ba jika ba ne, ba amarya ba. Ƙanƙara ce zube a kan yashi a bakin tafkin Alau, tana narkewa a hankali, ni kuma ina durƙushe a gabanta zuciyata tana tafasa.

Ƙanƙara ce sana'ata. Iyayena Kanawa ne, amma a Maiduguri aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu ya bar mini gida a unguwar Gomari da injin ƙanƙara guda ɗaya, irin wanda masu walda na gari ke haɗawa. Lokacin zafi kowa ɗan'uwana ne. Masu zoɓo, masu ruwan leda, masu biki, har layi suke yi a ƙofar gidana. Amma da sanyi ya shigo, ko kallon ƙofar ba sa yi. Mutanen da ke riƙe ni a watannin nan su ne matan kasuwar Gamboru masu ɗanyen kifi, waɗanda ke sammako su je bakin ruwa su sari tarwaɗa da karfasa, su jera a kula, su farfasa ƙanƙara a kai, su dawo gari. In matan nan suka juya mini baya, injina ya yi shiru har zafi ya dawo, tukunyar gidana ma ta yi shiru tare da shi.

Bari in faɗi abu ɗaya game da aikin, don sai da shi za a gane sauran. Bulon ƙanƙara daga waje yake fara daskarewa. In ya kwana ɗaya a inji za ka ga jikinsa ya yi tauri kamar dutse, ka rantse ya nuna, alhali cikinsa ruwa ne kwance. Mai gaggawa a nan yake cirewa ya kai kasuwa. Ni nawa sai ya kwana uku. In na ciro, in ƙwanƙwasa da bayan yatsa: wanda ya daskare har ciki ba ya amsawa, sai dai yatsanka ya yi zafi, mai rami kuwa yana amsawa kamar tulu. Shekara goma sha ɗaya ina kai wa matan nan, ba wadda ta taɓa dawowa ta ce na ba ta tulu.

A bakin ruwan da muke zuwa akwai fatoma, wato mutumin da ke tsakanin masunta da masu saye. Sikeli a hannunsa yake, 'yan dako nasa ne, shi ke cewa motar wane ta matso, ta wane ta jira. Wani ƙato ne mai son a ji muryarsa. Ba mu taɓa faɗa ba. Yakan gaishe ni da Barbarci ya ce, “Wushe, mai ƙanƙara,” in ce, “Wushe, Alhaji,” kowa ya kama gabansa. To a shekarar nan ƙaninsa ya sayi injin ƙanƙara sabo. Na ji labari, na ce Allah ya sa albarka, gari da faɗi. Ashe su ba su ga faɗin ba.

Ana cikin haka kifin wata ƙawata ya lalace. Ita ma 'yar Gamboru ce, a kwano ɗaya muke karyawa a bakin ruwa, ni na riƙe mata kai ranar da aka yi jana'izar mahaifiyarta. Kula biyu ta yi asara. Na je har gida na yi mata jaje, ta yi ta sunkuyar da kai, na ɗauka baƙin cikin asara ne.

Kwana biyu bayan haka na isa bakin ruwa da a-kori-kura cike, kamar kullum. Sanyin safiyar har cikin haƙori. Tururi na tashi daga kan tafkin, masunta na turo jirage gaɓa suna hura hannu. An sauke bulo shida ke nan sai na ji muryar fatoma daga wajen sikeli.

“Kai! Ku tsaya! Wa ya ce a sauke?”

Na ce, “Alhaji, lafiya?”

Bai ko dube ni ba. Mutane ya duba. Ya tako da kofin shayinsa a hannu, ya sa ƙafa ya ture buhun da na rufe bulon da shi, ya ce, “Jama'a, ku zo ku gani. Wannan ce ta kashe wa baiwar Allah kula biyu. Wannan ƙanƙara ce? Ruwa ne aka sa wa riga. Wallahi kafin azahar ko ɓurɓushinta ba za ku gani ba.”

Na ce, “Alhaji, ƙwanƙwasa ka ji.”

Ya ce, “Ni zan ƙwanƙwasa? Hajja, je ki ki ci gaba da koyon a da ba, an ce kin shiga makaranta da furfura. Ki bar wa masu aiki aikinsu.”

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, kuma na san fuskokin da suka yi. Gaskiya ne na shiga ajin manya a shekarar, ina zama a benci da 'yan mata sa'o'in 'ya'yana, ina jan baƙi kamar mai jan guga. Ban taɓa jin kunyar haka ba sai da ya faɗa a bainar jama'a.

Na juya wajen ƙawata. Tana tsaye ga kulolinta, ta ja laffaya ta rufe baki. Na ce, “Ke, yi magana mana. Ƙanƙarata ce ta ɓata miki kifi?” Ta dubi ƙasa. Ta dubi ruwa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shirun nan ya fi mini zagin fatoma ciwo, har yau.

Ya sa 'yan dakonsa suka ja bulo shidan nan suka watsar can gefe, jikin wani tsohon jirgi da aka kife. Motar ƙaninsa, wadda ashe tun asuba take ɓoye bayan itatuwa, ta matso. Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, suna satar kallona. Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ke riƙe da sikeli ba a musu da shi da kifi a hannu.

Direban a-kori-kurar ya ce, “Mama, mu kwashe mu tafi. Ki bar su da Allah.”

Na ce, “Da Allah zan bar su, amma sai na ga azahar ɗin nan tukuna. Ka mai da sauran gida. Waɗannan shidan kada wanda ya taɓa.”

Ya tafi, na zauna a kan gindin jirgin. A lokacin ban san me zan yi ba. Abin da na sani kawai, mutumin nan ya yi rantsuwa ya ambaci azahar, kuma azahar za ta zo.

A jakata akwai littafin makaranta da biro, don da yamma muke shiga aji, akwai kuma wayar da 'yata ta aiko mini. Kira kawai nake da ita. Amma a makon nan malamarmu ta nuna mana inda ake dannawa a ɗauki hoto, ta yi ta ɗaukar allo muna kallo muna dariya. Na ciro wayar, na saita ƙanƙarar, na danna.

Ba komai. Fari fat. Yashi fari, ƙanƙara fara, rana ta fito ta haske su duka, hoton ya zama kamar an ɗauki cikin kwanon gari. Na sake, na sake. Na matsa, na ja baya. Har na fara tunanin ko wayar ma ƙanin fatoma ne ya sayar mana.

Wani tsohon masunci yana zaune kusa yana gyaran raga. Shi kaɗai ne bai tashi ya je kallo ba lokacin da ake cin mutuncina. Ya leƙo ya ce, “Hajja, me kike ɗauka?”

Na ce, “Shaidata, Baba.”

Ya duba wayar ya ce, “To shaidar taki ba ta zo ba.”

Na kwance baƙin mayafi mai kauri da na yafa saboda sanyi, na shimfiɗa a ƙasa, na mirgino bulo ɗaya na ɗora a kai. Na danna. Sai ga ta ta fito. Ban taɓa kallon ƙanƙarata haka ba, ni da na shekara goma sha ɗaya ina rungumarta. Garau take kamar gilashi, ana hango saƙar mayafin ta cikinta, a tsakiya kuma akwai wani farin zare-zare da ya tashi daga ƙasa zuwa sama kamar jijiyar ganye. Raina a ɓace yake, amma sai da na ce masha Allah.

Daga nan dabara ta fara zuwa. Na ce, “Baba, don Allah karɓo mini bulo ɗaya a motar can. Ka ce kifinka za ka sa.” Ya ajiye ragar ya tafi. Ya dawo da shi a kafaɗa yana nishi. Na ƙwanƙwasa. Tulu. Har tsohon ya ji, ya yi murmushi. Muka ajiye shi a kan mayafin, gefe da gefe da nawa, inuwa ɗaya, iska ɗaya. Nasu fari ne tas kamar alli, ya ma fi nawa kyan gani daga nesa. Na cire takalmina ɗaya na ajiye a tsakaninsu don a riƙa gane girma.

Sannan na yi abin da nake taƙama da shi. Na yagi takarda, na duba agogon waya, na rubuta da hannuna: ƙarfe takwas. Na daɗe ina zana takwas ɗin nan don ta yi kyau. Na jingina takardar jikin takalmin, na ɗauka.

Tsohon ya ce, “Wannan kuma fa?”

Na ce, “Lokaci ne. Don kada a ce ƙarya nake.”

Ya kwashe da dariya har yana tari. Ya ce, “Hajja, ke da kika yi boko. Wa zai karanta a cikin matan can? Kuma ni yanzu in na iya rubutu, me zai hana ni rubuta la'asar da hantsi?”

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Wata takwas ina wahala da biro, ranar da zai yi mini rana kuma aka ce ba ya shaida. Na dunƙule takardar na cusa a jaka. Na koma ina duba hotunan, ina tunanin ko in ɗauki inuwa, ko in jira ladan. Sai idona ya kai saman hoton ƙarshe. Can baya, ƙarami, ga fatoma tsaye wajen sikeli, da jibgegiyar rigar sanyinsa da hular ulu har kunne, kofin shayi a hannu.

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a wurin nan ya san mutumin nan kamar yadda ya san kiran salla. Da sassafe rigar sanyi da shayi. Rana na ɗagawa ya tuɓe rigar ya rataye a ƙarfen sikeli. Azahar ya tsuguna gindin darbejiya da jar butarsa. Ya idar a kawo masa kwano. Ya ci ya miƙe a kan benci, hula a ƙirji. La'asar sai an tashe shi. Shekara da shekaru bai taɓa sauyawa ba, har matan kan ce, “Yi sauri, Alhaji ya tuɓe riga.” Na ce a raina, to ga agogon da kowa ya iya karantawa.

Matsalar, in ina tsaye ba sa shiga hoto tare. In na kama ƙanƙara ya fita, in na kama shi ƙanƙara ta fita. Sai da na durƙusa, na dafa gwiwar hannu a yashi, na kwantar da kai kusan ƙasa, sannan bulo biyun suka cika gaban hoton, shi kuma ya zauna daidai a tsakaninsu, saman takalmina. Mace mai jikoki, kwance a yashi mai sanyi, ba mayafin kirki. 'Yan dako suka fara.

“Mai ƙanƙara ta zare!”

“Hajja, sujada ake wa ƙanƙarar?”

Fatoma ma ya hango, ya ɗaga murya ya ce, “Ku bar ta ta yi sallama da dukiyarta.” Ya ɗaga mini kofi. Na danna.

Haka na yini. Duk lokacin da ya motsa, in kwanta in ɗauka. Ya rataye riga, na ɗauka. A lokacin duka bulo biyun sun fara zufa, gefunansu masu kaifi sun yi sumul, ruwa ya jiƙa mayafin ya ƙara baƙi. Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata, don nawa ma yana raguwa, kuma a ido kamar tare suke tafiya. Ban taɓa barin ƙanƙarata tsirara a fili ba, kullum cikin ɓuntun shinkafa da buhu take. Na ce, in fa mutumin nan ya yi gaskiya bisa kuskure? Na zauna ina salati, ina kallon ɗigon ruwa yana gangarowa yana shigewa yashi. Belbelu suka sauka bakin gaɓa suna tsintar hanjin kifi. Iska mai sanyi ta ci gaba da busowa daga kan ruwa, ita ce ta taimake ni, na sani.

Gab da azahar sai na ji ƙas. Bulon ƙaninsa ya huje a gefe, ruwan cikinsa ya tsiyayo gaba ɗaya kamar an kwance bakin salka, ya bi ta ƙarƙashin takalmina ya gangara. Abin da ya rage kwanso ne, kana hango wancan gefe ta cikinsa. Tsohon masunci ya ce, “La ilaha illallahu.” Na ɗaga kai. Fatoma na tsugune gindin darbejiya da jar buta, yana wanke ƙafar dama. Na riƙe wayar da hannu biyu. Na danna sau uku.

Na tashi na yi alwala da ruwan tafki, na yi sallata a nan gefen jirgin. Ba zan ce na yi ta da natsuwa ba.

Ya ci abinci, na ɗauka. Kwanson ya rufta ya zama 'yan ɓallaye. Ya miƙe a benci, hula a ƙirji, baki a buɗe, hannu ɗaya yana lilo, ƙuda na zagaye. A gabansa nawa bulon na nan tsaye, ya rage kamar rabi, ya yi santsi yana ƙyalli, farin zaren cikinsa ya matso kusa da fata. A gefensa babu komai sai jiƙaƙƙen mayafi. Wannan hoton na fi daɗewa a kansa. Na gyara takalmin. Na jira wani ɗan dako ya wuce. Na jira bakin ya ƙara buɗewa. Allah ya yafe mini, na jira.

Ba a kai yamma a hanyar nan saboda rashin tsaro, da la'asar kowa ke haɗa kaya. Na sa takalmina, na bar sauran yadda yake, har mayafin, na hau motar kifi ta ƙarshe da yashi a gwiwa. Ba wadda ta yi mini magana a motar, ni ma ban yi wa kowa ba. Ranar ce kaɗai na taɓa fashin aji.

Washegari na biyo motar farko, ba ƙanƙara, daga ni sai waya. Wanda ke kan mayafi ya tafi, saura ɗan guntu kamar sabulun da aka ci rabinsa. Amma biyar ɗin da aka watsar jikin jirgi sun manne da juna cikin sanyin dare sun zama dunƙule ɗaya, girman ƙaramin turmi, yashi ya kama ƙasansa, samansa garau, hasken safiya ya shiga ciki ya yi ja-ja. Tururi na tashi a bayansa daga kan ruwa. Na durƙusa. Fatoma na wajen sikeli da rigar sanyi da shayi, amma jiya shuɗin yadi ne a ƙasan rigar, yau ruwan ƙasa. Ya juyo muka haɗa ido ta cikin wayar. A nan na ga ya gane ba ƙanƙara kaɗai nake ɗauka ba. Kofin ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Na danna.

Daga nan Gamboru na nufa. Na jira matan suka dawo suka baje kifi, na fara daga rumfar farko. Ban yi dogon bayani ba. In miƙa waya in ce, “Wannan nawa, wannan nasu. Ki duba bayansu.” In riƙa ja da yatsa.

Ta farko ta ƙura ido ta ce, “Wannan ba Alhaji ba ne? Ai ko shayi bai gama ba.” Na ja. “Ya tuɓe riga.” Na ja. “Azahar ke nan, ga butar. Innalillahi, ina cikin nasu ya tafi?” Na ja. Ta saki wuƙar kifi ta riƙe ciki don dariya. “Ku zo! Ku zo ku ga baccin bayan azahar!”

Kafin in kai rumfa ta huɗu, rumfunan ne suka zo wurina. Masu waya suka ce in tura musu, ban iya ba, suka karɓa suka tura wa kansu. Ban hana ba. Da na so hanawa da na hana. Wata ta ce, “Shi ya sa jiya kafin in kai gada kulata ta zama miya.” Wata ta ce ita ma. Ashe kowace ta gani ta yi shiru, tana tsammanin ita kaɗai ce.

Suka fara zuwa Gomari da kansu, tun kafin su wuce bakin ruwa, su ɗauki ƙanƙara a ƙofar gidana. Amma ba duka ba. Wasu na tsoron kada fatoma ya gan su da bulona ya danne musu sikeli, kuma motata har lokacin ba ta da izinin saukewa a can. Sunana ya dawo a kasuwa, a bakin ruwa kuwa yana nan inda aka watsar da shi.

Ƙawata ta zo ana kwana biyar. Ta tsaya a zaure da kula, ta ce, “Yaya, ina kwana.” Akwai mata uku a wurin suna jira. Na ce, “Lafiya lau. Me ya ɓata miki kifi?” Ta ce, “Yaya, don Allah.” Na ce, “Na tambaye ki a gaban mutane kin yi shiru, to ga mutane, amsa mini.” Ta fashe da kuka ta ce mota ce ta mutu musu a hanya, suka yini a rana, shi kuma fatoma ya ce in ta bar maganar a kan ƙanƙara zai riƙa fara ba ta zaɓi in jirage sun iso. Na ciro bulo mafi kyau na sa mata a kula da hannuna. Har yau ina sayar mata. Kwano ɗaya dai ba mu ƙara haɗawa ba.

Shi kuwa, hoton baccinsa ya riga shi shiga ko'ina. An ce har a wurin ɗaurin aure wani ya nuna masa. 'Yan dakonsa na ganin ya nufi benci sai su fara tari. Ranar wata Asabar da hantsi sai ga sallama a ƙofar gidana: shi ne, tare da wani dattijon malami daga unguwar Shehuri wanda ya san mijina. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na kawo ruwa. Da ƙanƙara a ciki, duk da sanyin da ake.

Malam ya yi nasiha mai kyau. Ya ce tona asirin Musulmi ba abin wasa ba ne, ya ce mutumin nan yana da iyali, yana da surukai. Ya ce in goge hotunan, a bar maganar a nan.

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ni ma ina da surukai. Ranar da ya ce ruwa nake sa wa riga, a zaure ya faɗa?”

Fatoma ya ce, “Hajja, kuskure ne, ɗan'adam ne. Ki yi haƙuri.” Muryar nan da ke kaiwa tsallaken tafki, ranar ko bakin zaure ba ta kai ba.

Na ce, “Alhaji, haƙurin nan ka kai shi inda ka yi ɓarnar. Gobe zan zo da mota. Ka tsaya inda ka tsaya, ka kira jama'a yadda ka kira su, ka ƙwanƙwasa bulona da hannunka, ka faɗi abin da ka ji. In ka yi, a gabanka zan goge.”

Malam ya dube shi. Fatoma ya dubi kofin ruwan. Malam ya ce, “Ba ta nemi abin da ya wuce haƙƙinta ba.”

Washegari na isa da a-kori-kura cike. Malam da kansa ya biyo mu, yana gaba kusa da direba, ya naɗe da bargo. Aka sauke bulo ɗaya gaban sikeli. Fatoma ya ajiye shayi, ya yi gyaran murya ya ce, “To jama'a, maganar ƙanƙarar Hajja, an samu rashin fahimta.”

Na ce, “Alhaji, na baya ba su ji ba. Kuma ba ka ƙwanƙwasa ba.”

Ya sunkuya da ƙyar saboda tumbi da rigar sanyi. Ya ƙwanƙwasa. Ya yarfe yatsa. Wata daga baya ta ce, “Ya amsa, Alhaji?” Aka yi dariya, wannan karon ba da ni ba. Ya miƙe, fuskarsa ta yi nauyi, ya buɗe muryarsa ta ainihi ya ce ƙanƙarar Hajja ba ta da rami, ba ita ta ɓata kifin kowa ba, abin da ya faɗa ranar ba gaskiya ba ne, kowa ya sayi ta wanda ya ga dama.

Na ciro waya. Wata daga cikin matan ta nuna mini inda ake gogewa, na bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallo, har na benci. Na san suna cikin wayoyin rabin Gamboru, shi ma ya sani. Abin da na yi alkawari na cika.

Malam ya matso ya ce a hankali, “To Hajja, kin yafe?”

Na ce, “Na goge, Malam. Yafiya kuma ku taya ni da addu'a, ba ta zo ba tukuna.”

Ya girgiza kai, ya koma mota saboda sanyi. Na juya na ce wa 'yan dakon su sauke sauran, a nan gaban sikeli, kuma a hankali, kada wanda ya ja mini bulo a ƙasa. Suka ɗauka a kafaɗa. Matan suka jero da kuloli. Ban matsa daga wurin ba sai da bulo na ƙarshe ya shiga kula.